Tabon da Mai Wanka Ta Gani

Ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da na ɗora miki karatun takarda a kan aikin da ya riga ya yi miki yawa. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Rabonmu da haɗuwa tun rasuwar kakarki, shekara shida ke nan, kuma na san ba kyau mutum ya tuna da zumunci sai ranar da yake da buƙata. Amma kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, kuma duk dangi ke kaɗai ce nas. Ban ga wanda zan tambaya ba sai ke.

Ya aiki, ya maigidan, ya yaran? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Malam yana fama da gwiwa kamar kullum. Gwaggo tana wurina, na dawo da ita ɗakin da ke jikin nawa tun da ciwon sukarin ya fara taɓa mata ido. Bakinta dai bai tsufa ba. Da na ce zan rubuta miki, cewa ta yi, "Ki ce wa mai farar riga ta aiko min da sabon ƙirji, wannan ya fara yoyo."

Ban kira ki ba don maganar ba ta waya ba ce. Wayar gidan nan ɗaya ce, a aljihun Malam take yini, kuma yanzu abin da mutum ya faɗa a waya bai san kunne nawa zai shiga ba. Direban da ke kai kaya garinku ya yi min alkawarin zai miƙa miki hannu da hannu.

Kin san tun rasuwar Inna ni nake yi wa matan unguwarmu wanka idan sun cika. Abin da aka fara koya mana shi ne, duk abin da mai wanka ta gani a jikin mamaciya amana ce, da ita za ta shiga nata kabarin. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa buɗe baki ba, ko ga Malam. Don haka ba zan ambaci kowa ba, kuma ina neman gafarar Allah a kan abin da zan rubuta.

Cikin wata biyun nan na wanke mata biyar da aka dawo da su daga asibiti, duk ciwon numfashin nan ne. Huɗu daga cikinsu akwai tabo a cikinsu, gefe da gefen cibiya, baƙi-baƙi da shuɗi-shuɗi. Wani kamar faɗin babban yatsa, wani ya kai tafin hannun jariri, kuma a tsakiyar kowanne akwai ɗan ɗigo kamar bakin allura. Ba leƙe na yi ba, a ƙarƙashin zane nake aiki, amma wajen shafa ciki dole ido ya sauka. Na san tabon ƙarin ruwa a hannu, na san na tiyata, na san na wadda ta daɗe a kwance. Wannan ban taɓa ganinsa ba sai bana. Ta biyar ɗin da ba ta da shi, a bakin ƙofar asibitin ta cika, ba a kai ga karɓarta ba.

Nan kuwa magana ta cika gari wai allurar rigakafin nan tana daskarar da jini, kuma wai duk wanda aka kwantar sai an yi masa ita a ɓoye. Da ba na saurare, don yawancin masu faɗa ko ƙofar asibiti ba su taka ba. Yanzu hannuna ya taɓa, na kasa cire abin a raina.

Ranar Alhamis ta sama masu rigakafi za su zo makarantar firamaren bayanmu, an kuma kawo wa Gwaggo kati cikin tsofaffi. In kai ta ko kada in kai ta? Matar nan ita ta goye ni da Inna ta kwanta jinya. Ki gaya min gaskiya tsakaninki da Allah.

Yayarki


Ranar Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. A tsaye nake rubuta wannan a bayan takardar magani, direba yana ta danna min hon. Muna lafiya. Na san tabon, ba abin da kike zato ba ne. Ki kai Gwaggo. Kada ki faɗa wa kowa abin da kika gani, zan zauna in rubuto miki bayani a nutse. Ga safar hannu da takunkumi nan a leda, don Allah kada ki sake yin wanka ba su. Ki ce wa Gwaggo ƙirji ya ƙare a sito, ta lallaɓa tsohon.

Auta


Ranar Juma'a

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu ma da sauƙi. Ledar ta iso, na gode, ina sawa.

Yau kwana ashirin da uku ina jiran bayanin da kika ce. Sau uku direba yana dawowa hannu wofi. Na farko ya ce bai same ki ba, na biyu ya ce mai gadi ya hana shi shiga, na uku ya ce an ce masa ba kya nan, ba a kuma ce ina kika tafi ba.

Ki gafarce ni, zan faɗi abin da ke raina. Takardarki na karanta ta har ta fara yagewa a wurin ninki. Kin ce ba abin da nake zato ba ne, ba ki ce mene ne ba. Kalma ɗaya ai ba ta fi ƙarfin mai tsaye ba. Kin ce kin san tabon, sannan kika ce in yi shiru. Nan ana cewa ana sa ku rantsuwa, wadda ta yi magana a sallame ta daga aiki. Ban ce kin yi min ƙarya ba, Allah ya tsare. Amma kina da yara uku da bakin ciyarwa, kuma na san abin da tsoro ke sa mutumin kirki.

Ban kai Gwaggo ba. Na ɗauki katin na sa a cikin akwatina, na ce mata sai amsarki ta zo. Ta dube ni ta ce, "Mai wanka ce ke ɓoye kati? To ni ma na fasa. Ke kike ganin ƙarshen kowa."

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Kin tuna Mai ɗinki, maƙwabciyarmu mai yawan dariyar nan? Ita ke ɗinka likkafani, ita kuma ke zuba min ruwa. Washegarin isowar takardarki mun wanke ta shida, ita ma da tabon. Muna wanke hannu a bakin famfo sai ta matso ta ce, "Malama, kin ga abin da na gani?" Na ci gaba da wanke hannuna. Ta ce, "Ba wannan ce ta farko ba ko?" Auta, wallahi ban buɗe baki ba. Kai kawai na gyaɗa.

Bayan kwana biyu Malam ya shigo da waya a hannu, fuskarsa ba daɗi, ya kunna min saƙon murya. Ba ma muryar Mai ɗinki ba ce, wani namiji ne da ban sani ba. Wai mai wankan gawa, mahaddaciya, matar da ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, ta tabbatar da cewa gawa arba'in ta wanke duk jininsu ya daskare a ciki. Arba'in! Na je na sami Mai ɗinki, ta rantse ƙanwar mijinta kaɗai ta gaya wa. Ta ce, "To ƙarya aka yi? Adadin ne kawai suka ƙara."

Ranar rigakafin na wuce ta gaban makarantar. 'Yan matan suna zaune ƙarƙashin bishiya da akwatunansu na sanyi suna fifita da kati, bencina ba kowa sai tsoho ɗaya. Ban san abin da ya kamata in ji ba. In ceton mutane na yi, me ya sa abinci ba ya shiga? In kuma amana na ci a banza, da wane ido zan kalli matan nan ranar tsayuwa?

In ba ki da ikon rubutawa, ki sa farar takarda a ambulan ki ba direba, zan gane.

Yayarki


Ranar Talata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya yanzu. Na ce yanzu don ciwon ya kama ni kwana biyu bayan waccan takardar, na yi kwana goma sha biyu a ɗaki ni kaɗai, ana ajiye min abinci a bakin ƙofa. Wannan ce rantsuwar da aka sa ni. Na sha zazzaɓi da tari, amma ko sau ɗaya ban buƙaci a sa min iskar numfashi ba, ni da aka yi wa rigakafin sau biyu. Da na tashi na tarar mu huɗu ne a ɗakin da ya kamata mu zama goma. Gado talatin ne, marasa lafiya sun haura hamsin, wasu a katifa a baranda. Laifina ne da ban ƙara layi biyu a waccan takardar ba. Na ɗauka kalmata za ta ishe ki. Na manta ke ko ruwan alwala sai kin tambayi daga inda aka ɗebo.

To ga bayanin. Tabon nan mu muke yin sa, ni kaina na yi wa mutum fiye da ɗari. Ciwon ne yake daskarar da jini a jijiya, har ya toshe huhu. Shi ya sa wanda muka kwantar muke yi masa wata 'yar ƙaramar allura a fatar ciki kullum, mai tsinka jini. Da yake jinin ya tsinke, sai ya ɗan kwanta a ƙarƙashin fata, wurin ya yi baƙi. A gaban 'yan jinya muke yi da rana tsaka, ba a ɓoye ba. Rigakafi kuwa a damtse ake yi, kuma ba a yi wa mai zazzaɓi. Ba zan ce miki duk duniya babu wanda rigakafin ya taɓa ba wa matsala ba, don ba na son in yi miki ƙarya. Amma waɗanda nake rufe wa fuska da zane a ɗakin nan, kusan duka ba su yi ba.

Yaya, ke gawa ake kawo miki. Waɗanda suka warke da tabon nan a cikinsu ba sa zuwa hannunki, suna gida suna wanka da kansu. Ki nemi ɗaya ki tambaye ta.

Yanzu ki zauna kafin ki karanta wannan. Saƙon ya iso nan. Shekaranjiya na zo yi wa wata tsohuwa allurar, ɗanta ya riƙe min hannu, ya ciro waya ya kunna min. A nan gawar ta kai ɗari biyu. Ya ce, "Wannan mahaddaciya ce, ke me kika haddace?" Na tsaya da allura a hannu, na san yayata ce ake nufi. Sai da likita ya yi rabin awa yana roƙonsa. Ban ji haushinsa ba, uwarsa yake karewa. Ke na ji wa haushi, na kuma ji wa kaina.

Masu rigakafi za su sake zagayowa, ki fito da katin nan daga akwati. Kafin nan ki sa ido a kan Gwaggo. In ta fara tari da zazzaɓi, ki sa ta karanta Fatiha a bayyane. In ta kasa kai aya ɗaya da numfashi ɗaya, kada ki tsaya jiƙa komai, ki nemi mota.

Ki gaishe da Malam. Farar takarda kuma ba mu da ita, duk mun rubuce bayansu.

Auta


Ranar Lahadi

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Kina kwance ke kaɗai ni kuma ina nan ina auna ki da mugun zato. Ki yafe min. Malam lafiya. Gwaggo ce ba lafiya, daga barandar asibiti nake rubuta miki, a kan gwiwata. Na kira ki da wayar Malam sau tara tun jiya, taki a kashe, na san kina bakin aiki.

Bari in fara daga farko. Ban ɗauki maganarki haka nan ba, kin san halina. Na je gidan mai gyaran rediyo, don matarsa ta yi kwana tara a asibiti ta dawo, tun lokacin kuma ba a ganinta ko a bakin famfo. Na same ta a ƙuryar ɗaki ta rame. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta fashe da kuka, ta rufe ƙofa ta ɗaga rigarta. Ga shi nan, guda bakwai, sun fara komawa ruwan ɗorawa. Ashe ta ji saƙon. Wata guda ke nan tana duba cikinta safe da yamma tana jiran ranarta, har ta raba wa 'ya'yanta kayanta. Ta ce, "Malama, ke nake ta tunani, na ce ko za ki rufa min asiri." Na tambaye ta ko ta yi rigakafi, ta ce ko kusa. Na bi gidajen mamatan nan shida da sunan gaisuwa, na yi tambaya a hankali. Babu wadda ta yi.

Ranar Laraba bayan darasi na miƙe a gaban matan islamiyya na faɗi komai, har gyaɗa kan. Na ce shida ne, ba arba'in ba, na kuma faɗi abin da tabon yake. Sai wata daga baya ta ce, "Malama, kiranki aka yi aka ja miki kunne ko?" Wata ta ce, "Ai ƙanwarta nas ce." Mai ɗinki ta gyara mayafi ta ce ita dai idonta ya gani, ido kuma ba ya karatun takarda. Shekara goma sha ɗaya suna yarda da shiruna, ranar da na yi magana suka ƙi. Malam ya ɗauki muryata a waya ya tura wa mutanensa. Mutum uku suka amsa, ɗaya cewa ya yi murya ce aka kwaikwaya.

Gwaggo ta fara tari ranar Alhamis, kwana huɗu kafin masu rigakafin su dawo. Jiya da hantsi na ce ta karanta min Fatiha. Ta ce, "Ni za ki yi wa jarrabawa? Da hannuna na riƙe miki allo." Ta fara. A aya ta biyu ta tsaya sau biyu. Na ce mu tafi asibiti. Ta ce ba inda za ta, a bar ta ta mutu da cikinta fari.

Na ce, "Gwaggo, kuskure na yi."

Ta ce, "Ke kika ce."

Na ce, "Ban ce ba, kai na gyaɗa."

Ta ce, "To kan naki ya fi bakin mutane ƙarfi. Jiya ki ce wuta, yau ki ce ruwa, wanne zan ɗauka?"

Na aika aka kira matar mai gyaran rediyo. Baiwar Allah ta zo, ta durƙusa gaban gadon ta ɗaga rigarta ba kunya. Gwaggo ta sa ta matso saboda idon, ta shafa wurin da yatsa, ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Da zafi?" Matar ta ce a'a. Gwaggo ta ce, "Kuma kina cin abinci?" Ta ce kwano biyu. Sai Gwaggo ta ce a miƙo mata mayafinta.

Awa huɗu muka yi a benci kafin a karɓe mu. Gado babu, katifa aka shimfiɗa mata a baranda tsakanin wani mai gadi da wata mai ciki, tukunyar iska ɗaya ake juya musu su ukun. Yau da safe wata nas ta zo da 'yar allurar, yarinya ce kamar ke lokacin da kika fara, idonta ja wur don gajiya. Gwaggo ta damƙe zanenta da hannu biyu ta zuba min ido. Ni na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ni na ɗaga rigar. Ba zan ɓoye miki ba, da allurar ta shiga sai da na kau da kai, zuciyata na cewa in kuma Auta ce ba ta sani ba fa? Na yi istigfari, amma na ji hakan. Tun daga nan Gwaggo ba ta ce min uffan ba. In tana son ruwa, mai cikin take yi wa alama.

Ga abin da nake so ki gaya min. Abin auna iskar jini da suke maƙala mata a yatsa yana nuna tamanin da takwas in iskar tana hancinta, in aka juya wa na kusa ya sauka tamanin da ɗaya. Likitan ya ce akwai ɗaki mai iska a bango, amma sai gado ya samu, ni kuma na san yadda gado ke samuwa a irin wannan ɗaki. Malam yana ganin mu ɗauko ta mu kawo ta wurinku, tafiyar awa biyar, ba iska a motar. Ni na daina yarda da ganina. In bar ta a nan ko in taho da ita?

Direba zai juyo jibi, amma in kin sami mai tahowa kafin nan ki ba shi. Don Allah ki amsa da wuri. Ta samu barci yanzu, bakinta a buɗe, ina zaune ina ƙirga numfashinta.

Yayarki